Faya-fayan Kawu Sa'idu

Ranar da Karimatu ta fara ganin Muntaka, a tsakiyar titin Poumpoumré da ke Garoua ta gan shi a tsugune, yana tsintar faya-fayan CD. Kwalin da ya ɗauro a bayan babur ne ya fashe. Masu moto, wato 'yan acaɓa, suna ta hon, suna zaginsa da Fillanci da Faransanci, shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya ɗauki faifai ya hura masa iska, ya goge da bakin riga.

Daga ɗakin karatun da take aiki ta taso. Ta tsaya ta taya shi.

"Malam, ka zuba su a kwali mana, ka goge a gida!"

"Za su karce," ya ce, bai ɗago ba.

"Kai fa, in tirela ta karce ka?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, har faifan hannunsa ya suɓuce. Kafin su gama tsinta ta ji labarin duka. Shi mai gyaran firji ne. Kawunsa Sa'idu ya shekara talatin yana sayar da kiɗa kusa da babbar kasuwa, yana kuma ɗaukar muryoyin mawaƙa a wuraren biki da suna, har da na coci. Ya rasu bai bar ɗa ba, ya bar wa Muntaka gida mai ɗaki biyu, kowanne maƙil da faya-fayai.

"Guda nawa ne?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?" Ta riƙe haɓa. Ita da aikinta ke nan jera littattafai da ba su lamba, maganar ta tsaya mata a rai.

Haka ta soma zuwa duk Asabar da la'asar da littafin rubutu da alƙalami. Suna shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mahaifiyarsa Inna tana gefe tana tsinke zogale. Sai da suka yi wata guda kafin su gano faifai dubu huɗu ne da ɗari uku da 'yan kai. Karimatu ta kafa doka: tuli uku, na ajiyewa, na bayarwa, na zubarwa.

Matsalar ita ce tulin zubarwa ba ya kwana. Duk Asabar sai ta tarar ya rame, na ajiyewa ya yi ƙiba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Madam Katalog, kin tashi lafiya? Na yi mafarkin kin manna mini lamba a goshi, kin ajiye ni a layin farko."

Ta mayar masa:

"Ina faifai arba'in da muka ware jiya? Kada ka ce mini ɓera ne."

"Zumata, akwai muryar Kawu a farkonsu, yana gwada makirfo. Ta yaya zan kai Kawu bola?"

Ta jefa wayar kan katifa, ta yi tsaki, sannan ta ɗauko ta sake karanta "Zumata".

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Malam Tanimu, wanda babban mahauci ne a garin, ya ce sai ya ga gidan da idonsa. Ya leƙa ɗaki na farko, ya leƙa na biyu, ya ga katifar Muntaka a matse tsakanin kwalaye.

"Yaro, ina 'yata za ta kafa gado? Kan kiɗa?"

"Baba, muna kan ragewa."

"Umar Faruƙ da ke kawo mini shanu daga Touboro ya riga ka magana, gidansa fes. Ba zan yi mata dole ba, amma ba zan kai 'yata sito ba. Na ba ka zuwa babbar salla."

Karimatu ta ƙara Lahadi a kan Asabar. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta yi fushi. Faifan da ya karce har ba ya magana, Muntaka sai ya ce wataƙila na'urar ce. Waƙa ɗaya mai kwafi tara, sai ya ce a bar uku don tsaro.

"Tsaron me? Yaƙi za a yi?"

Saura mako uku salla, ta biyo wata Laraba ba ta sanar ba. Ta tarar da wata budurwa a kan tabarmarta, littafinta a hannun budurwar, Muntaka a gefe yana dariya idanunsa jiƙe da hawaye. Ita bai taɓa yi mata kuka ba. Ta juya, ko sallamar Inna ba ta amsa ba.

Kwana shida ba ta ɗauki wayarsa ba. Saƙo ɗaya kawai ta buɗe:

"Hasken idona, ki ba ni minti biyar. Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

Umar Faruƙ ya zo zance da turare da atamfa, ya shafe awa guda yana ba ta labarin ciwon ƙafar shanu. Mutumin kirki ne, amma har ya tafi tana tunanin ko Muntaka ya mayar da kwalin da ta ware.

Rana ta bakwai budurwar nan ta shigo ɗakin karatu, ta tsaya gaban teburinta.

"'Yar'uwa, jam na, kina lafiya? Sunana Hortense, 'yar garin Poli ce ni, gyaɗa nake sayarwa a kasuwa. Mamata ce ke jan waƙa a cocinmu, ta rasu ina 'yar shekara tara, na manta muryarta. Mutuminki ya ga sunanta da garinmu a littafinki, ya yi kwana uku yana tambayar 'yan Poli a kasuwa har ya same ni. Faifai goma sha biyu ya ba ni. Na zo in ce useko, na gode, don rubutunki ne ya nemo ni."

Karimatu ta tare moto ko jakarta ba ta rufe ba. Ta same shi a shago, kansa cikin firji.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na so in fara gwadawa ne, ko zan iya rabuwa da su. Ashe zubarwa ce ba na iyawa. In mai shi ya karɓa, sai in ji sanyi."

"Wata huɗu, Muntaka! Wata huɗu bakina na ciwo, sai yanzu ka gane?"

"Kin huce, Zumata?"

"Ban huce ba. Sa takalminka."

Suka kai sanarwa gidan rediyo cewa duk mai muryar wani nasa a faya-fayan ya zo ya karɓa. Washegari mutane suka fara sallama: tsofaffin amare da jikokinsu, 'ya'yan makaɗa, wani fasto daga Touboro da ya tafi da buhu guda. Karimatu ta duba littafi ta kira lamba, Muntaka ya miƙa da hannu biyu. Waɗanda suka karce kuwa manoman bakin kogin Binuwai suka kwashe, don in an rataya su a gona ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Nan ma sai da ta riƙe masa hannun riga don kada ya hana su.

Ana jibi salla Malam Tanimu ya dawo. Ɗaki ɗaya an share an yi fenti, ɗayan kuma kantar ajiya guda ce a ciki, faifai ɗari uku a jere da lambobinsu. Ya bi su da ido fuska a ɗaure, har ya tsaya kan wani layi da aka rubuta "Kalangun mahautan Garoua". Ya zaro ɗaya, ya daɗe yana kallon sunan mahaifinsa a bayan faifan.

"Har yanzu sun yi yawa," ya ce. Ya kwashe layin gaba ɗaya ya rungume. "Bari in rage maka. Ka turo magabatanka."

Bayan salla da mako biyu aka ɗaura aure. Hortense da matan Poli suka zo da kwandon gyaɗa, Umar Faruƙ ma ya aiko da rago. Da aka kawo amarya, Inna ta kama hannunta ta sa cikin na Muntaka.

"Ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ke kuma 'yata, Allah ya ƙara miki haƙuri, don na san abin da na haifa."

Mata suka rangaɗa guɗa. Karimatu ta matse yatsunsa a ƙarƙashin mayafi, ta ce amin da ƙarfi fiye da kowa.