Wuƙar Fere Lemo

Ranar da Terkaa ya fara ganin Iveren, hannunta ya riga gani kafin fuskarta. Tana zaune a bakin tashar Gboko da tirenta, tana fere lemo da wata 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa, ɓawon yana sauka siriri kamar zare, bai tsinke ba har ƙarshe. Ya taka birki, ya sayi uku, alhali ko ƙishirwa ba ya ji.

"Mai babur, fasinjarka fa tana jira," ta ce tana dariya.

Ya waiga, ashe tsohuwar da ya ɗauko tana nan zaune a bayansa tana harararsa.

Tun daga ranar, ko ina aka ce ya kai mutum sai hanya ta biyo da shi ta tasha. Yana kiranta Lemona, ita kuma ta ƙi sauya masa suna daga Mai Babur.

Matsalar ɗaya ce: mahaifinta, Baba Agber, mai gonar lemo. Da Terkaa ya je gaisuwa, tsohon ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ɗana, kunyar doya nawa ka yi bana?"

"Babu, Baba. Acaba nake yi."

"To, babur ake dakawa a yi sakwara?"

Shi dai ransa ya fi kwanciya da Orseer, dillalin da ke loda lemo zuwa Kano.

Wata Laraba babur ɗin Terkaa ya mutu daidai gaban tirenta. Ya ari wuƙar, wai zai yanke wata waya.

"Ka lallaɓa ta," in ji Iveren. "Ta Baba ce, shekara talatin yana wasa ta. Ni kaɗai ya yarda ya ba."

Ya tura babur bayan tasha. Wayar ta yanku, amma sai shaiɗan ya nuna masa wata kusa da ke buƙatar murɗawa. Ya sa bakin wuƙar ya murɗa, ruwanta ya karye gida biyu.

Gumi ya keto masa. Gaskiya kalma uku ce kawai, "na karya ta", amma ta ƙi fitowa. Ya sulale ta baya, ya tura saƙo: "Lemona, na samu fasinjan gaggawa zuwa ƙauye. Wuƙarki tana aljihuna, kada ki damu."

Ta amsa: "Ka tafi da wuƙata, ka tafi da zuciyata. Ka dawo min da su lafiya."

Ya karanta, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari ya shiga kasuwa da dubu biyu da ɗari biyar, abin da ya rage masa ke nan bayan gyaran babur. Mai kayan ƙarfen, wata dattijuwa mai baki, ta baje masa wuƙaƙe. Idonsa ya tafi kan wata mai ƙyalli.

"Wannan dubu bakwai ce, kuma ta 'yan gayu ce, ko gwanda ba ta yankawa," ta ce. "Me za a yi da ita?"

"Fere lemo, Mama."

"To ajiye ƙyalli. Ɗauki wannan mummunar mai ƙotar katako. Baƙin ƙarfe ne, yana tsatsa in an bar shi da ruwa, amma yana karɓar wasa. Girgiza ta ka ji, ruwan yana rawa?"

Bai yi rawa ba. Ya biya dubu biyu, ya fito yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata.

Kwana tara ya yi yana ƙaryar tafiya. Kullum da safe yana bayan ɗakinsa da dutsen wasa, yana cin ruwan wuƙar don ya sirance kamar na wadda ya karya. Ya goge ƙotar da manja da toka har ta yi duhu. Yatsunsa suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi.

Rana ta goma ya miƙa mata. Iveren ta buɗe ta, ta shafa, sannan ta ninke. Wuƙar ta ce ƙas! Tsohuwar wuƙar kuwa tuni ta daina ƙara, shiru take rufuwa. Ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika da hawaye.

Kafin ya kai mararraba saƙo ya shigo: "Terkaa, da ka ce ta karye, da kuka zan yi na kwana ɗaya. Amma ka kalli idona ka ba ni ƙarya a hannu. Baba ma zan nuna masa. Kada ka zo."

Sunansa da ta kira maimakon Mai Babur ya fi komai yi masa ciwo. Mako biyu yana kewaye tasha ta hanyar da ta fi nisa. Ya ji labarin Orseer ya kai wa Baba wuƙa mai baki goma sha biyu, har da almakashi.

Ranar Lahadi bayan coci ya kasa jurewa. Ya ƙulle gutsattsarin biyu a hankici, ya tafi gidan. Ya tarar da dangi a rumfa ana cin gasasshiyar doya, Orseer yana kan kujera mai kyau. Ya durƙusa a gaban kowa, ya kwance hankicin.

"Baba, ni na karya ta. Na yi ƙarya, na kuma yi wa wata kwalliya don in rufe ƙaryar. Ban zo neman komai ba, kayanka na kawo."

"Sai yanzu?" Orseer ya yi dariya. "An riga an saya wa Baba ta gaske."

Baba Agber bai kula shi ba. Ya sa aka kawo lemo biyu. Ya fara da wuƙar Orseer, ɓawon ya tsinke sau uku. Ya ciro ta Terkaa daga aljihunsa, ya fere, zaren ya sauka har ƙasa.

"Buɗe hannunka."

Terkaa ya buɗe. Tsohon ya daɗe yana kallon tabon yatsun.

"Cin da na yi wa tawa a shekara talatin, kai ka yi shi a kwana tara, duk don gudun kalma uku. Kai wawa ne, ɗana. Amma hannun nan zai iya riƙe garma. Gobe da sassafe ina jiranka a gona."

Daga bayan rumfa aka ji Iveren tana dariya cikin kuka.

"Mai Babur," ta ce a hankali da ta rako shi, "in ka sake, ɓawonka zan fere."

"Na yarda, Lemona."

Damina guda ya yi yana noma, bayan girbin doya aka ɗaura aure. Suka fito cikin zane mai ratsin baƙi da fari, ana kiɗa ana guɗa. Baba Agber ya sa musu albarka, ya ba 'yarsa wuƙar da Terkaa ya wasa, sannan ya danƙa wa angon guntun tsohuwar.

"Sa a aljihu. Duk ranar da ƙarya ta zo maka baki, ka taɓa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a. Har yau in Iveren ta tambaye shi ina ya tsaya, sai ka ga hannun Terkaa ya tafi aljihu kafin ya buɗe baki.