Muryar da Dakta Ya Ara a Mambila

Ku matso, ku rage surutu. Labarin Dakta Lurwanu ne, malamin jami'a, wai shi masanin tsuntsaye. Da bakinsa yake ci, da shi yake taƙama. In ya fara lacca, sai dai ka yi ta Allah-Allah.

Ya ɗauki shatar mota daga Jalingo zuwa tsaunin Mambila, madubin hangen nesa rataye a wuya kamar laya. Gauraka yake nema. Masu wannan aikin suna da wata dabara: su naɗi kukan tsuntsu a waya, su kunna a daji, ɗan'uwansa ya ji ya fito. Yaudara ce tsagwaronta, amma su bincike suke ce mata. Shi tun bara ya naɗo nasa a wani kwari a can.

Rana tsaka suka gama hawa. Ciyawa iya ganinka. Ya ce a tsaya.

Direban, Baba Maikano, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a kiran abin daji da muryar da ba taka ba."

"Camfi! Kai dai riƙe sitiyarinka."

Ya gangara kwarin shi kaɗai. Ya kunna. Shiru. Ya sake. Iska ta tsaya cak. A na uku aka yi gyaran murya a bayansa.

Wata tsohuwa ce, doguwa, siririya, gashinta ja a tsaitsaye.

"Muryar 'yata ce wannan," in ji ta. "Tun bara take bebiya. Ashe kai ne."

Gogan naku ya gyara tsayuwa. "Ai aro na yi, Inna. Don ilimi."

"Ka tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafarta. Yatsu uku, dogaye, baƙaƙe.

"To ni ma ara mini."

Ta taɓa maƙogwaronsa. Hannun sanyi ƙalau.

Da gudu ya iso mota, takalmi ɗaya.

Baba Maikano ya ce, "Lafiya, Dakta?"

Ya buɗe baki. Kukan gauraka ne ya fito. Daga can ƙasan kwarin kuwa aka ji muryarsa tar: "Camfi! Camfi!"

Har yau da takarda yake gaisawa, ni kuwa ko kaɗan bai ba ni tausayi ba. In kun bi hanyar Gembu, can kan tsaunin, kuka ji ana lacca cikin ciyawa, kada wanda ya sauka shi kaɗai. Mai muryar ba ya can.