Baƙuwar Ranar Karatu

Duk ranar Lahadi bayan la'asar, tsakar gidan Zara'u da ke Tasawa cika yake yi da mata. Kowa da ƙwaryar gyaɗa a gabanta tana ɓara, ƙanwarta Samira kuwa tana zaune bisa kifaffen turmi da littafi a hannu. Ita ce mai karatun. Malamar lekwal ce, wato makarantar boko, kuma Allah ya ba ta murya. In ta shiga labari, har mai tukunya a wuta sai ta manta da ita. Rabin matan nan ba su iya boko ba, amma in aka zo gardama a kan littafin soyayya, ko marubuciyar ce ta zo da kanta sai sun kayar da ita.

A wannan Lahadin suka kai ƙarshen littafi na ɗaya na wani labari. A cikinsa auren wata Ilham ya mutu, ta bar jaririnta a gidan ubansa, ta je ta yi wani auren. Samira ta rufe littafin, sai baki ya buɗe.

"Ni marubuciyar ga ta cika ja," in ji Shamsiyya, ƙawar Samira. "Wancan da munka gama kwanan baya, na ɗiyar mai kuɗɗi da direba, ya hi shi daɗi. Can ko ba komi an yi dariya."

"Ke dai ki ce kina son inda ake shiga mota mai sanyi," Zara'u ta ce. "Wanga shi ne zaman duniya. Ni har yanzu kukan jaririn nan na cikin kunnena."

Maƙwabciyarsu Jummai, wadda ta girme su duka, ta ce, "Ni Ilham nike tausai. Wa ya san abin da ya kore ta? Ku bari mu ji na biyu."

Kusa da Jummai akwai wata dattijuwa da ta zo da ita, baƙuwa daga Kanan-Bakashe. Tun da aka gaisa sai ɓarar gyaɗa take yi da sauri, tana ɗaga ido jifa-jifa tana kallon mai karatu.

To ita Samira akwai abin da ke cin ta. An riga an sa ranar aurenta da Attahiru, mai gyaran sola a bakin tasha, kuma tana son sa so na haƙiƙa. A garin Gidan Amumune ya tashi, a hannun kakarsa ta wajen uba. Can ake kiran sa Talle, sunan da ake ba maraya, alhali uwarsa tana raye tana wani aure. Sai da ya zama saurayi ya neme ta da kansa. Samira ba ta taɓa ganin matar ba, amma ta daɗe tana jin haushinta a ɓoye, don haka maganar Jummai kamar a kan gyambo ta faɗa.

"A'a, Inna Jummai, babu wani na biyu," ta ce. "Ko mi anka yi miki, ki ɗauki ɗa yana tsotso ki aje ki juya baya? Wagga ba uwa ba ce, haihuwa kawai ta yi. Kaza ma ba ta yin haka."

Jummai ta miƙa hannu ta taɓa mata ƙafa. Samira ba ta kula ba, ta riga ta ɗauki zafi.

"Kuma kada ku ce labari ne. Ni na san wani da anka yi ma haka. Ya tashi ana ce mishi Talle, uwa tana can gidan wani tana cin tuwonta lahiya lau. Irin su ko sun dawo, ba su cancanci a ba su ruwa ba."

Baƙuwar ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta miƙe.

"Allah ya ƙara basira, ɗiyata. Kin iya karatu," ta ce, ta yi sallama ta fita. Jummai ta bi bayanta har tana barin takalmi ɗaya.

Washegari da hantsi Attahiru ya yi sallama a ƙofar gidan su Samira. Ta fito da murmushinta, ta gan shi tsaye jikin babur idanunsa jawur, murmushin ya gudu.

"Samira, jiya mi kinka hwaɗa gidan Yaya Zara'u?"

"Hira ce ta littahi. Lahiya?"

"Matar da ta zo da Jummai tsohuwata ce. Zuwa ta yi ta gan ki a ɓoye. Kin san ni ɗan hwari ne, ko sunana ba ta kamawa don kunya, balle ta tsaya cikin mutane ta ce ita ce uwar wane."

Samira ta dafa bango. Ta sulale ta durƙusa.

"Ba ta yi hushi ba, da ma hushin ta yi," ya ci gaba. "Cewa ta yi yarinya na da hankali, in aure ki. Amma ita ƙahwarta ba ta taka gidanmu har abada, don kada ta riƙa sa ki ganin abin da kike ƙyama. Shekara da shekaru ina lallashi kahin ta yarda ta sha ruwa ɗakina. Ba ni iya ɗaura aure babu ita. Na shaida ma su Baffa a dakata."

"Don kai na hwaɗa, wallahi don kai," ta ce tana kuka.

"Na sani. Shi ya sa ban san wa zan ji ma haushi ba."

Ya tada babur ya tafi. Magana zarar bunu ce. Wadda Samira ta zara, duk Tasawa ba mai iya mayar da ita.

Ranar Asabar ta roƙi Zara'u ta raka ta, suka shiga motar kasuwa zuwa Kanan-Bakashe. Suka sami dattijuwar, Hajara sunanta, a bakin murhu tana tuyar ƙuli-ƙuli, don sana'arta ke nan. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo fura. Samira ta zube a gabanta tana neman gafara har muryarta ta dishe.

"Ba komi, yarinya. Tashi, kada zanenki ya ɓaci," Hajara ta ce, ta koma kan kaskonta.

Wanda ya san mata ya san babu kalmar da ta kai wannan "ba komi" ɗin nauyi. Samira ta dawo gida ba ta samu komai ba.

Wata Asabar ɗin ta koma, ta sake komawa, wani lokaci da Zara'u, wani lokaci da Jummai. Da ta ga roƙo ba ya ci, sai ta daina roƙo, ta ɗaura zane ta kama aiki. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta tuƙa tunkuza a turmi har mai ya fito. Hannun da ya saba da alli ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Hajara ba ta taɓa korar ta ba, ba ta kuma taɓa ce mata komai ba bayan "sannu" da "miƙo min ludayi".

Ranar da aka sa ta zo ta wuce. 'Yan unguwa suka samu abin taunawa. Karatun Lahadi ya mutu, domin duk sanda Samira ta buɗe littafi sai hawaye ya rufe mata rubutun. Ta rame har ɗalibanta suna tambaya ko Madam ba ta da lafiya. Attahiru kuwa in sun haɗu a hanya sai ya gaishe ta kamar baƙuwa ya sunkuyar da kai, shi ma duk ya zube.

Daga ƙarshe mahaifinta ya gaji. "Ɗiyata ba kayan ajiya ba ce," ya ce. "In Juma'a mai zuwa ta wuce ba su zo da magana ba, a maida musu kayansu."

Samira ta shiga ɗaki ta kife kai a cinyar Shamsiyya. "Na kashe aurena da bakina. Ina zan sa kaina?"

Shamsiyya ta zaro wani littafi daga jakarta. "Bon, ga na biyun, na samo shi Maraɗi. Na karance shi tas, ashe Ilham ba ta da laihi. Ki tahi ki karanta ma tsohuwar Attahiru, wataƙila zuciyarta ta yi sanyi."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Samira ta sa littafin a jaka ta tafi.

Suna zaune suna mulmula tunkuza, Hajara ta hango bangon littafin ya leƙo daga jakar. Karon farko ke nan da ta ja ta da hira.

"Wancan ci gaban labarin ne?"

"Shi ne, Inna. An ce a ciki marubuciyar ta wanke Ilham."

"To da ba ta wanke ta ba fa? Ni sai in zauna da dattina?"

Samira ta ji kunya ta rufe ta. Ta tura jakar gefe. "Ban karanta ba, Inna, kuma ba ni karantawa. Na yanke miki hukunci ban taɓa jin bakinki ba. Yau ne zuwana na ƙarshe, Baba ya ce a maida kaya. Ko ba ki yahe min ba, ki hwaɗa min abin da ya hwaru, in san girman zunubina."

Hajara ta daɗe tana jujjuya ƙuli a cikin mai. Da ta buɗe baki, kaskon take kallo.

"Ina da goyo anka sake ni. Ranar da na yaye shi, uwar mijin ta zo ta kwance shi daga bayana, ta ce ɗa na ubanshi ne. Na bi su har bakin gari ina kuka, ƙanen babana ya maido ni da bulala. Na koma ganin shi, anka rufe min ƙohwa, anka ce in na ƙara zuwa za a kai shi inda ba ni ƙara jin labarinshi. Shi ne na koyi tuyar ga."

Ta kwashe na cikin kaskon, ta zuba wani.

"Duk ranar kasuwar Gidan Amumune, tun asuba nike ɗaukar tire a ka in taka da ƙahwa. In zauna kusa da hanyar gidansu, in ja mayahi in ruhe huska. Yaron nan shina son ƙuli. In ya kawo dala ɗaya, sai in ba shi na dalarshi, in ce tsaya ga gyara, in cika mishi aljihu. Wannan 'tsaya ga gyara' ita ce duk hirar da na yi da shi yana ƙarami. Da anka kai shi lekwal can garin Mayahi, na daina zuwa kasuwar."

Samira tana kuka har kafaɗunta suna girgiza. "Inna, shi ya sani?"

"Ta ina? Uwa ta zauna gaban ɗan hwari tana ba shi labarin hawayenta? Ya zo ya same ni, ya ce ya yahe min. Na karɓa na yi shiru."

"Ya yahe miki laihin da ba ki yi ba. Ki bar ni in hwaɗa mishi. Abin da kunya ta hana ki, ni ba ta hana ni ba."

Hajara ta juyo ta dube ta sosai, ta dubi tafin hannunta da ya yi kanta.

"Na daɗe ina roƙon Allah ya ba shi mai jin zahinshi," ta ce. "Sai dai ban zaci a kaina za ta hwara ba."

Ta ƙulla ƙuli mai zafi a leda, ta ƙara wani dintsi a kai, ta miƙa mata. "Kai mishi."

Daga tasha Samira ba ta nufi gida ba, shagon Attahiru ta wuce. Ta ajiye ƙullin a kan teburinsa, ta ba shi labarin daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko kalma ba. Tun tana tsakiya abin kwance ƙusa ya suɓuce daga hannunsa.

"Mai baƙin mayahi," ya ce a hankali. "Gindin iccen bedi take zama. Na tuna ta, Samira. Har abokaina nike kai ma wurinta, amma su ba ta cika musu aljihu." Ya rufe fuska da hannu biyu. "Ni duk zatona ba ta iya lissahi ba."

Ko shagon bai tsaya rufewa ba. Ya zuba isans a babur, ya kama hanyar Kanan-Bakashe. Abin da uwa da ɗa suka ce wa juna ranar, babu wanda ya ji. Amma kafin Juma'a ta zagayo, manyansa sun zo gidan su Samira da goro da ban haƙuri, aka sa sabuwar rana. Ranar da aka kai amarya, Hajara ce ta tarbe ta a bakin ƙofa, ta kama hannunta ta shigar da ita ɗaki da kanta.

Haƙuri ya yi wa Samira rana, ya kuma yi wa Hajara da ta fi ta daɗewa a cikinsa. Mu kuma masu son littattafai, sai mu riƙe harshenmu. Ta cikin takarda ko me aka ce mata ba ta ji. Ta kusa da ke a kan tabarma kuwa tana ji, kuma ba ki san nisan da ta taka da ƙafa ba kafin ta zo ta zauna nan.