Buroshin Kaka Vesta

Ramuka tara Keziah Tolliver ta ƙirga a jikin allon kafin ta lura da mutumin da ke tsaye gefensa.

Safiyar Litinin ce, tana kan hanyar asibitin da take aikin jinya. Kwana huɗu kacal da kafa allon tunawar a bakin filin da shagon Mis Ozella Crump yake a da, amma ga shi harsashi ya huhhuda shi. Ɗaya ya ratsa tsakiyar sunanta.

"Ki koma mota," in ji mutumin. "Ba lallai sun yi nisa ba."

"Kai fa? Ko an ce maka harsashi na jin nauyin masu tabarau?"

Ya juyo. Dogo ne siriri, hannun rigarsa duk garin alli. Ya yi ƙoƙarin murmushi, amma Keziah ta saba kallon hannun mutane kafin fuskarsu, ta ga yatsunsa na rawa.

"Lucius Broadnax. Ina koyar da tarihi a sakandare. Shekara biyu ina sintiri kafin a bari na kafa shi."

"To, Farfesa, zauna kafin ka faɗi, in rasa yadda zan ɗaga ka."

Ya zauna a bakin kwalbati, ta miƙa masa ruwa. Wata farar a-kori-kura ta wuce su a hankali, gilashinta a rufe. Suka bi ta da kallo har ta sha kwana. A lokacin Keziah ta tarar da hannunta riƙe da kafaɗarsa.

Kowa a garin Carrow na jihar Mississippi ya san Mis Ozella. Mai gyaran gashi ce. A zamanin da ake hana baƙar fata rajistar zaɓe da jarrabawar ƙarya, ita ce ke koya wa mata amsoshin tana taje musu kai, har ta zama ta farko cikinmu da sunanta ya shiga littafin. Fararen fatar garin sun doke ta, sun ƙone shagonta, ba ta shekara biyu ba ta rasu. Yau duk muna kaɗa ƙuri'a da guminta, amma ka ambaci sunanta a coci ka ga yadda manya ke sunkuyar da kai suna gyaran hula. Wai kada a tayar da tsohon zance. Zancen da har yanzu ake harbi, ina tsufansa?

Da rana saƙo ya shigo wayarta.

"Malama mai jinya, hannuna ya daina rawa. Amma wani wuri a ƙirjina ya kama. Akwai magani?"

"Akwai. Ka daina tsayuwa kusa da abin da ake harbi."

"Ba zan iya ba. Sai dai ki riƙa tsayawa kusa da ni."

Ta karanta sau uku, ta kife wayar a kan tebur tana dariya ita kaɗai.

Haka aka fara. Ranar Asabar sukan je bakin kogi cin soyayyar tarwaɗa. Yana kiranta Zuma, tana kiransa Farfesa. Sai dai ko a can bai taɓa zama ya ba wa titi baya ba. An farfasa masa tayoyi har sau biyu. An tura takarda ta ƙarƙashin ƙofar ajinsa, ba rubutu, sai zanen allon da rami na goma.

"Ina tsoro, Lucius," ta ce masa rannan.

"Ni ma. Kullum kafin in tayar da mota sai na leƙa ƙarƙashinta."

"To me ya sa ba za ka bari ba?"

"Yarana na aji sun tambaye ni ko ƙarya ne labarinta, tunda iyayensu ba sa faɗa. Me zan ce musu, Zuma?"

Ya gaya mata shirinsa. Ranar sha tara ga Yuni shekara hamsin ke cika da tafiyar Mis Ozella ta ƙarshe zuwa ginin kotu, inda ake rajistar zaɓe. Zai taka daga filin shagon zuwa ginin kotu, mil guda, ya miƙa takardar neman a sake kafa allon. Ya liƙa farar takarda a ƙofar coci don masu son rakiya su sa suna. Mako uku, ko ɗigo babu.

Keziah marainiya ce, kakarta Vesta ta raine ta. Ranar Lahadi ta kawo shi gida cin abinci. Kaka Vesta ta cika masa faranti da kaza da burodin masara, tana ta yi masa tsiya.

"Uwarka ba ta ba ka abinci ne? In iska ta taso sai mun ɗaure ka a jikin baranda."

"Shi ya sa na zo wurinki, Mis Vesta."

Hira ta yi daɗi har ya sunkuya ɗaukar cokali, wani abu ya faɗo daga aljihun rigarsa. Buroshin goge baki ne.

"Wannan fa?" in ji Kaka, muryarta ta canza.

"Dokar Mis Ozella ce. Duk mai zuwa kotu ya sa kayan coci, ya riƙe buroshinsa, don bai san ko a kurkuku zai kwana ba. Ina yawo da shi ne don in tuna."

Kaka ta dire tulun shayi da ƙarfi har ya zube a kan tebur.

"Tashi ka fita."

"Kaka!"

"Keziah, ki yi min shiru. Yaro, ba ni da komai da kai. Amma na binne uwar yarinyar nan, ba zan aurar da ita ga mai yawo da buroshi a aljihu ba. Ko ka bar tafiyar nan, ko ka bar jikata."

Daga ranar Marcellus Dupree ya samu ƙofa. Ma'aikaci ne a ofishin gunduma, yana da mota mai sanyi da murya mai daɗi a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma tun suna makaranta yake bin Keziah. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da suka iya zaman lafiya da kowane irin zalunci, matuƙar ba a taɓa musu kujera ba.

"Ni don ke nake faɗa, Kezi," ya ce mata a baranda. "Sun ba shi aiki a Chicago, shugaban makarantarsu ya gaya min. Zai kunna wuta ya hau jirgi, mu da ke nan mu sha hayaƙin."

Ta rubuta wa Lucius: "Gaskiya ne sun kira ka Chicago?"

"Gaskiya ne. Bari in zo in yi miki bayani."

"Ba sai ka zo ba. Allah ya kiyaye hanya."

Ta kashe wayar. Kwana tara ba ta amsa kiransa ba. Duk motar ɗaukar marasa lafiya da ta shigo asibiti da jiniya, sai ta ruga bakin ƙofa don ta ga fuskar wanda aka sauko da shi.

Ana gobe tafiyar, da hantsi, ta shiga ɗakin Kaka neman zare, ta tarar da ita zaune a bakin gado da gwangwanin biskit a cinya. A ciki akwai wani tsohon buroshi mai jan mariƙi, gashinsa a miƙe, ba a taɓa jiƙa shi ba.

"Rufe ƙofar," in ji Kaka. "Yaronki ya san rabin dokar ne kawai."

Keziah ta zauna a ƙasa.

"Sauran rabin shi ne ba mai zuwa shi kaɗai. Bibbiyu ake tafiya, in an taɓa ɗaya, ɗayan ya zama shaida. Ranar nan ni ce abokiyar tafiyar Ozella. Ita ta saya min wannan. Saura mako biyu bikina da kakanki, ya durƙusa yana kuka, wai kada in mayar da shi gwauro tun kafin aure. Na sa rigar coci, na sa hula, na tsaya bayan labule. Ina kallo ta tsaya a ƙofar gidanmu, ta jira, ta jira. Daga nan ta gyara jakarta ta wuce."

"Kaka..."

"A kotun suka ja ta ta ƙofar baya. Ba wanda ya gani, ba wanda zai faɗa wa alƙali. Da ina wurin, wataƙila da sun ji kunyar ido. Ta dawo ba ta ji da kunne ɗaya, amma ranar bikina ita ta zo ta gyara min kai. Ba ta taɓa ce min komai ba. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi."

Keziah ta kunna wayarta. Saƙonni sha ɗaya. Ta buɗe na ƙarshe.

"Zuma, tun watan Afrilu na ce wa Chicago ba na zuwa, tun kafin in san ki. Bayan na san ki kuwa, ko da igiya ba za su ja ni ba. Gobe ƙarfe goma zan tafi, ko ni kaɗai ne. Tsoro nake ji sosai. In wani abu ya faru, ki sani ke nake tunani."

Ta miƙa wa Kaka wayar. Kaka ta karanta da tabarau a bakin hanci.

"Shi kaɗai," in ji Kaka a hankali.

"Ba zan tsaya bayan labule ba, Kaka. Ki yafe min."

Kaka ta rufe gwangwanin.

Washegari rana ta buɗe da zafi. Lucius na tsaye gaban allon cikin baƙar kwat, zufa na bin wuyansa. A ɗaya gefen titi a-kori-kura huɗu ne a jere, maza zaune a kan bodinsu sun harɗe hannu. Ɗaya yana ɗaukar hoto da waya, wani ya tofar da yawu. A bayan gilashin farar, ana hango doguwar bindiga a rataye.

Keziah ta sauko daga mota cikin rigar coci mai ruwan ƙwai. Ta nufi wurinsa.

"Zuma, koma gida. Don Allah."

"Kai dai ka karanta littafinka da rabi, Farfesa. Bibbiyu ake tafiya." Ta buɗe jakarta ta nuna masa buroshinta. "Ni ce shaidarka."

Ya kama hannunta. Nasa sanyi ƙalau, nata ma haka.

Sun yi taku kamar ashirin sai suka ji ƙarar sanda a kan kwalta. Kaka Vesta ce, da farar hula mai faɗi, jan buroshin a soke a aljihun gaban rigarta inda kowa zai gani. Ta tsaya a tsakiyar titi tana haki, ta dubi masu motocin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya ga gidajen unguwa ta ɗaga murya.

"Hattie Mae Odom! Na ga labulenki na motsi! Ba ni da abokiyar tafiya, kuma ba zan je ni kaɗai ba. Ki fito!"

Ɗaya daga cikin motocin ta tayar da inji.

Sai ƙofa ta buɗe. Mis Hattie Mae ta fito tana ɗaura hula, da silifas ɗin ɗaki a ƙafa.

"Vesta, ke kam ba ki da mutunci. Wake na bari a wuta."

"Ya ƙone. Dama ba ki iya dafa shi ba."

Kaka ta ci gaba da kiran sunaye gida gida. Wasu sun fito, da yawa ba su fito ba, kuma sun san kansu. Mutum ashirin da shida suka taka mil ɗin, bibbiyu, farar motar na binsu a baya a hankali. Ba wanda ya iya waƙa. Aka jefo kwalba ta fashe kusa da ƙafar fasto, ba wanda ya waiwaya. Keziah na ƙirga numfashinta, Lucius na ta maimaitawa ƙasa-ƙasa, "Saura kaɗan, Zuma, saura kaɗan."

A ƙofar kotu Marcellus ne tsaye. Ya dubi Kaka, ya dubi jan buroshin, ya sunkuyar da kai ya riƙe musu ƙofa.

Da aka karɓi takardar, Kaka ta zauna a kan matakala ta yi kuka mai isarta. Sannan ta share ido ta yafito Lucius.

"Zo nan, siriri. Har yanzu ina jin tsoron ba ka ita."

"Na sani, Mis Vesta."

"Kaka za ka ce. Kuma daga yau, in na ji ka je ko kantin sayen madara kai kaɗai, da sandar nan zan karɓe ka."

A watan Oktoba, da auduga ta yi fari a gonaki, aka ɗaura aurensu a coci. Har lokacin gunduma na ta jan ƙafa kan sabon allo, saboda haka gaban tsohon suka je ɗaukar hoto, da ramukansa tara. Lucius ya leƙa ƙarƙashin motar amarya kafin a tayar, Keziah ta jira shi ya gama, ta kakkaɓe masa gwiwar wando.

Kaka Vesta ta haɗa hannayensu, ta ɗora jan buroshin a kai ta rufe da nata.

"Ubangiji ya sa kada ranar buƙatarsa ta zo. In kuma ta zo, ya sa ta same ku tare. Ya ba ku 'ya'ya, ku gaya musu sunan Ozella tun suna goye."

"Amin," in ji Mis Hattie Mae. "Yanzu a ba mu kek, tsayuwar ta ishe ni."