Ranar da Muryar Labbo Ta Dishe

"Wai da gaske an kira ka sitidiyo Gusau ka ƙi zuwa?!" Suwaiba ta tsare shi da ido a ƙofar gidansu.

Labbo ya gyara ratayar gangarsa. "Cewa sunka yi in taho ni ɗaya, wai na'ura ta ishe ni amshi. Haba sanyin idona, mi zan rera in babu mutane?"

"Ga shi Baba ya ce waƙarka hayaniya ce kawai..." Ta sunkuyar da kai. "Ya ce in tana da amfani, shi gani ga gonatai. In ba haka ba, ka manta da ni."

Labbo ya yi murmushin nan nasa mai ba ta haushi. "Ki ce mishi Asabar akwai gayya."

Tun da Malam Namadi, mahaifinta, ya karye a haɗarin babur, ciyawa ta shaƙe geronsa. Shi kuwa Labbo shekara bakwai ke nan yana yawo daga Dauran zuwa Banga har Galadi, yana koya wa manoma amshin waƙoƙin noma. Shi dai a haɗa baki a rera, shi ke nan duniyarsa.

Kwana uku ya yi kan babur yana gayyato jama'a, ruwan sama na dukansa.

Ranar Asabar da hantsi maza fiye da sittin suka jera a bakin kunya, kowa da hauyarsa. A gayyar Labbo ba a saran ƙasa sai mawaƙi ya ɗaga waƙa. Malam Namadi na zaune gindin kuka, ya haɗe rai.

Labbo ya buga ganga, ya buɗe baki... babu murya! Mura ta cinye ta. Ya sake gwadawa, sai tari.

Suwaiba na cikin mata masu ɗauke da fura, tana kallon masoyinta yana zufa. Kunyar mahaifinta ta riƙe mata harshe, amma tsoron rasa Labbo ya fi ƙarfi. Ta sauke ƙwarya, ta runtse ido, ta ɗaga waƙa.

"Gero ya yi kira, wa zai amsa?"

Sai wani tsoho, Mamuda, ya ɗaga hauyarsa.

"Mu ne, mu ne masu hauya!"

Wayyo daɗi! Gona ta ɗauka gaba ɗaya. Mutanen Banga suka kawo baiti, na Galadi suka karɓe, mata na tafi, Labbo na kiɗa hawaye na zuba. Babu wanda bai san waƙar ba, ai shi ya koya musu. Kafin la'asar ciyawa ta zama labari.

Suwaiba ta saci kallon mahaifinta, sai ta ga leɓɓansa na motsi. Ashe Baba ma amshi yake!

"Kai, Labbo, taho nan," in ji Malam Namadi. Labbo ya durƙusa. "Yau na ga abin da kaka shukawa shekarun ga. Ka turo magabatanka, na ba ka ɗiyata."

Labbo ya buɗe baki zai yi godiya, murya ta ƙi fita. Suwaiba ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana kuka.

Sai mutanen gayya suka amsa a madadinsa da baki ɗaya: "Mun gode, Baba!"