Saura Kaɗan In Rufe

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Yaya ya tsayar da babur a gindin katangar tsohuwar ma'aikatar bulo, wadda aka daina aiki a cikinta tun tuni.

"Sauka, Farfesa," ya ce wa ƙanwarsa. "Mutane na yin digiri su kama aiki, ke kin yi naki kina kama ƙuda."

Auta ta yi dariya, ta ɗauki ragarta. Ta sha faɗa masa ba ƙuda ba ne. Wani jinsin ƙudan zuma ne da bai san amya ba, ba sarauniya, ba runduna. Kowace mace ita kaɗai ke haƙa raminta a katanga, ta tara garin fure, ta saka ƙwai, ta toshe bakin da laka, ta mutu kafin ɗan ya fito. Na ƙetaren kogi ɗamararsu ja ce, na wannan ɓangaren rawaya. Auta ta rantse ta ga mai jar ɗamara a nan. Malaminta ya ce ba ta taɓa tsallako kogi ba, kuma in Auta ba ta kawo masa ita soke da allura ba, to ta nemi wani binciken.

"Uwar da ba ta ganin ɗanta," in ji Yaya. Haka tasu uwar ta tafi, ranar da aka haifi Auta. Ya buga babur. "Bari in sha mai in dawo."

Bai jima da tafiya ba ta gan ta. Ja wur, tana nufo wani ɗan rami. Auta ta kai raga, ta juye ta cikin kwalbar guba, ta murɗa murfi. Kukan fiffiken ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Sai gyare ma suka yi tsit.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali ba a yi ruwa ba.

"Yarinya."

Muryar mace ce, can ƙasa-ƙasa, a bayan kunnenta. Auta ta kasa juyawa. A jikin katanga ta ga inuwa kusa da tata, doguwa, mai siririn ƙugu.

"Saura kaɗan in rufe," muryar ta ce. "Tururuwa na hawa. Kina ji?"

Tana ji. Wani ɗan sususu a jikin bulo. Can cikin katangar kuma, kukan jariri, siriri kamar zare.

"Ban sani ba," Auta ta ce da raɗa. "Ki yafe ni."

"Taki uwar a hannun mutane ta bar ki. Ni wa zan bar wa?"

Yatsu masu sanyi suka shafi leɓenta. Laka.

Suka sake shafawa, a hankali, da lallashi.

"Bari in rufe ko da 'yar wata ce."

Bakinta ya toshe. Sannan hanci.

Kukan jaririn ya tsaya.

Fitilar babur ta haske katangar. Yaya ya same ta durƙushe, ya sa yatsa yana ƙwaƙule laka daga bakinta yana salati, har ta ja numfashi.

Da safe ta sa shi ya mayar da ita, da ɗan curin laka a tafin hannunta don ta toshe ramin. Ta makara. Ramin wayam, tururuwa na saukowa a jere.

Malamin ya yi murna, ya matsar da iyakar jinsin a kan taswira zuwa wannan ɓangaren kogi, ya sa sunan Auta a ƙasa. Ita ba ta ƙara ɗaukar raga ba. Ranar da ta sa gawar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ga ɗan ƙwallon laka a muƙamuƙinta. Fiffiken ya bushe, ƙafafun sun ƙanƙance, amma har yau lakar ɗanya ce.