Muhsina Ba Ta Sauya Harshe

"A ɗauke kayan nan!"

Muhsina ce ta faɗa. Idonta na kan Hajiya Sawsan, mahaifiyar saurayinta Tariq.

Ana zaune a tsakar gida. Akwatunan shela, kayan da dangin ango suka kawo daga Sinnar, suna buɗe a kan tabarma. Jabana, wato gahawa, ta huce ba wanda ya kurɓa.

"Ke ɗiyata, yi hankali..." in ji uwarta, Inna Hindu.

Hajiya Sawsan ta gyara mayafinta.

"Ya bitti, ɗiyata, ban ce ki bar rubutu ba. Ki mai da shi Larabci, kalas. Mu a Sinnar shekara da shekaru Hausarmu ba ta wuce ƙofar gida. Yanzu surukata ta buga sunanta a littafin Hausa, kasuwa duk ta nuna mu ta ce ga Fallata, baƙin yamma?"

Lina, ɗiyar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe da son Tariq, ta rufe baki tana dariya.

"Ni na kai mata littafin. Ai gaskiya ba ta ɓuya."

Muhsina ta shiga ɗaki, ta fito rungume da littattafai, ta zube su kusa da akwatunan. Duka da ajami ta rubuta su, domin 'yan matan garinsu, Hajj Abdalla, Hausa suke ji, amma baƙaƙen Larabci kaɗai suka iya karantawa.

Ta ɗaga wani da ya sha hannu.

"Wanga shi na na farko, Ɗiyar Mai Hawasha. A bakin hawashar, gonar babana, na rubuta shi, ina tsaron ruwa. Cike yake da kure, har yau kunyarsa nake ji. Amma tsofaffin unguwarmu sun sa an karanta musu shi har bangon ya cire."

Ta ɗauki wani.

"Wanga a gudun hijira na rubuta shi, muna kwana a makaranta, ba mu san ko za mu komo ba. Wata mata daga Suki ta ce mini shi ya hana ta zaucewa. Akwai waɗanda ba su yi kyau ba, na sani. Amma ko ɗaya ban ɓoye bakin uwata a ciki ba!"

"To kin zaɓi takarda kin bar miji."

"Na zaɓi abin da nake, Hajiya. In ɗanki yana son wata Muhsina, ba a haife ta ba."

Aka rufe akwatunan. Mota ta tashi.

Sai da ƙurar ta kwanta sannan Muhsina ta zauna daɓas, ta kifa kai a cinyar Inna Hindu ta yi kuka mai isarta.

Tariq bai kira ba.

Ita ma ba ta kira ba.

Auduga ta buɗe, aka shiga tsinta. Wata hantsi tana tsakiyar gona da buhu ɗaure a ƙugu, ta hango shi yana tahowa ta gefen magudanar ruwa, farar jallabiyarsa duk taɓo.

Ta ɗaure fuska.

"In lallashi ya kawo ka, koma."

"Habibti, bari in huta mana..."

"Ba ni da kujera."

Ya tsuguna nan kan kunya. Hausarsa ba ta da ƙwari, rabi Larabci ce, amma yau da ita ya dage.

"Na sayo littattafanki a Madani. Na jera su a kantinmu, gaba-gaba, kusa da sukari."

Ta saki audugar da ke hannunta.

"A kasuwar Sinnar? Babanka fa?"

"Ya yi faɗa har rawaninsa ya kwance. Ya kwashe, na mayar. Ya sake kwashewa, na sake mayarwa. Muna cikin haka sai ga Ammu Osman, telan da ke jikin kantinmu. Tun ina yaro na san shi, ban taɓa jin komai a bakinsa ba sai Larabci. Ya buɗe ɗaya, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, da Hausa wallahi, 'Yaro, wa ya rubuta wanga?'"

"Ka ce mi?"

"Na ce matata. Da ƙarfi. Har masu kayan miya suka juyo."

"Matarka? Wa ya ba ka?"

"Shi na zo nema, ya ruhi. Da littattafan da komai."

Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta.

"Tariq, zan ci gaba da rubutu. Da Hausa. Da sunana a bango."

"Ki ƙara da nawa in kina so."

"Hajiya fa?"

Ya tsinki ciyawa ya yar.

"Ta ce ba ta zuwa biki."

"Kai fa?"

"Ni ga ni."

Bayan an gama tsintar auduga aka ɗaura aure a Hajj Abdalla. Hajiya Sawsan ba ta zo ba, kamar yadda ta faɗa, kuma Muhsina ba ta aika a roƙe ta ba.

Ranar da aka kai ta Sinnar, maƙwabta suka fito kallon amarya. Ta tsaya a bakin ƙofa, lalle har gwiwar hannu, ta yaye mayafi kaɗan.

"Sannunku da gida!" ta ce da ƙarfi, da Hausa.

Maƙwabtan suka kalli juna.

Can daga bayan taron, wata tsohuwa ta amsa da Hausa, "Yawwa, maraba da amarya!"